Azumin da Muka Kifa Firji

Bana a gidan autata Zulai na yi azumi, cikin birnin Kano. Ran nan da rana tsaka muna kishingiɗe a falo, zafi ya fara nuna hali, sai esin da ke sanyaya ɗakin ya yi ɗan ƙara ya ɗauke. Harafin E ya fito a goshinsa tare da wata lamba, suna ta ƙiftawa. Zulai ta ja tsaki, ta jawo waya ta lallatsa, ta ce, "Umma, wai ragar ciki ce ƙura ta toshe." Ta taka kujera ta zaro ragar, ta ɗauraye a famfo, ta bari ta sha iska, ta mayar. Kafin gumi ya gama tsattsafo mini, sanyi ya dawo. Dariya ta kama ni har ta juyo tana tambayar ko lafiya. Na ce lafiya lau, namu na tuna, wanda sai da ƙarti suka kifa shi ƙafafu a sama kafin ya yarda ya yi aiki.

A Ƙafin Maiyaki aka yi wannan, can ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ina goyon 'yata ta fari. Gidan gandu muke: Inna, mahaifiyar maigidana, tana ɗakinta na tsakiya, yayansa, Yaya Sale, da iyalinsa suna sashen gabas, mu kuma muna yamma. Malam, wato maigidana, ya yi noman rani a wajen Bagauda, tumatir ya yi masa kyau, kuma duk gidan an san inda kuɗin za su. San noma ɗaya gare mu, garma kuwa sai da biyu. Tun kaka aka gama magana: Malam zai sayo na biyun kafin ruwa ya sauka.

Ana jibi azumi, da la'asar sakaliya, akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, yara suka ɗauki ihu. Na taka turmi na leƙa ta kan katanga ina neman ƙaho. Babu ƙaho. Wani farin akwatin ƙarfe ne kwance rigingine a bayan motar, an ɗaɗɗaure shi da igiya, Malam na zaune a kansa yana washe baki.

Yaya Sale ya fito daga zaure, ya zagaya motar, ya dubi ƙanensa.

"Ina san noman?"

"Yana nan tafe, Yaya. Wannan ne zai kawo shi."

"Shi wannan ɗin mene ne?"

"Firji."

"Firji? A unguwar da ko falwaya babu?"

"Ai ba ruwansa da lantarki. Kananzir yake sha, kamar fitila. Wani kuku ne a Bagauda zai koma garinsu, ya sayar mini. Yaya, azumin nan na zafi ne fa. Duk garin nan wa ke da ƙanƙara?"

Yaya Sale ya kaɗe rigarsa ya shige gida, kuma daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

Maƙwabta suka kama aka shigo da shi ɗan ɗakin ajiya da ke jikin nawa. Inna ta zo tana dogara sanda, Malam ya durƙusa yana nuna mata: ga tankin kananzir a ƙasa ana jawo shi kamar aljihun tebur, ga lagwani, ga 'yar kwalbarsa irin ta fitila, ga bututun hayaƙi a baya. Ta saurara har ya gama.

"Wato a hura masa wuta a gindi, shi kuma ya ba da ƙanƙara a ka?"

"Haka ne, Inna."

"Idi, ka tabbata mutumin nan ba yana can yana yi maka dariya ba?"

Ni kam tuni na bi bayan Malam. Sau ɗaya na taɓa shan ruwan ƙanƙara a duniya, a gidan wata gwaggona a birni, kuma ban manta yadda ya bi maƙogwarona ba. Na wanke farantan ƙanƙarar da toka har suna ƙyalli, na kasa zama wuri ɗaya don ɗoki. Malam kuwa ya riga ya faɗa a majalisa cewa ranar ɗaya ga azumi duk unguwa da ƙanƙara za a sha ruwa.

Aka hura. Wuta ta kama rawaya da ja, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har azara ta dafe. Malam ya ce ai haka yake farawa. Ranar ɗaya ga azumi, tun kafin la'asar yaran unguwa suka yi layi a tsakar gidanmu da kwanonin sha. Malam ya buɗe firjin, ya tsoma yatsa a faranti, ya daɗe bai ɗago kai ba. Ruwa ne mai ɗumi, har da warin kananzir. Ni aka bar wa sallamar yaran.

Wanda bai ga bazarar nan ba ba zai gane abin da ya sa muka haukace a kan ƙanƙara ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Iska in ta kaɗo, kamar daga bakin murhu ta fito. Rijiyar gidanmu ta ja baya, guga ya koma fitowa da rabi ruwa rabi taɓo, sai dai mu ja bayan sahur mu zuba a bar shi ya kwanta. Randunan Inna binne suke cikin yashi a gindin tsamiya, ana jiƙa yashin, ana lulluɓe su da tsohon buhu, amma iyakarsu su ba ka ruwan da ba zafi. Da sassafe ni da matar Yaya Sale za mu gama surfe da daka, daga nan kowa ya nemi inuwa. Maza na gindin durumi, sun jiƙa riguna sun yafa a ka, rediyo na ta tafsiri, ba mai motsi. Awaki na haki a jikin katanga. 'Yata ƙurajen zafi sun feso mata a wuya, kwana take tana kuka. Bayan azahar mu tashi da busasshen leɓe mu hau niƙan waken ƙosai, mu jiƙa tsamiya, mu dama kunu a gaban wuta, ga miyau ya ƙafe. In aka kira magariba, kofin farko ba ya ma isa ciki, a maƙogwaro yake ɓacewa.

Ana cikin goman farko na kai yarinyar riga-kafi ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar wurin, Sista Rifkatu, 'yar wajen Doguwa ce, mace mai fara'a da saurin magana. Ta shiga ƙurya ɗauko allura, na hango ta buɗe wani farin akwati sak irin namu. Da ta fito ta kama hannuna, na ji yatsunta sanyi ƙalau. Ban san sanda na ɗaga murya ba.

"Sista! Wannan ma kananzir yake sha?"

"Shi yake sha mana. Me ya faru?"

Na kwashe labari kaf na gaya mata, har da san da ba a saya ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Kwantar da hankalinki, Hansatu. Shi ba ya magana, amma wutarsa tana faɗin abin da ke damunsa. In na tashi aiki zan biyo."

Ta zo a kan kekenta. Ta gaida Inna har ƙasa, ta shimfiɗa buhu gaban firjin ta kwanta rub da ciki, ta ce ni ma in kwanta kusa da ita.

"Kalli wutar. Me kika gani?"

"Rawaya, da ja a baki."

"To in kin ga haka, ga kuma hayaƙi, lagwani ne ba a datse daidai ba, ko bututu ya cika da kunkunniya. In kin ga tana tartsatsi tana tsalle, ruwa ne a cikin kananzir. Wadda ake so shuɗiya ce, zagaye, a natse, ba ƙara ba wari."

Ta kashe, ta bari ya huce, ta datse lagwanin da reza. Ta sa Malam ya zaro wani murɗaɗɗen ƙarfe daga cikin bututun, ya ɗaura tsumma a sanda ya zura ta sama. Ya sunkuya yana leƙawa ta ƙasa ya ga ko hanya ta buɗe, sai kunkunniyar ta zubo masa gaba ɗaya a fuska. Ya ɗago, idanu kawai ake gani. Inna da ke bakin ƙofa ta ce, "To madalla, ga ƙanƙara ta fara zubowa." Har shi sai da ya yi dariya.

Ranar wuta ta yi shuɗi. Washegari ina cikin shara na ji tas-tas daga ɗakin ajiya, na kwanta na leƙa, na ga tana tsalle. Na fito da gudu ina cewa, "Malam, ruwa ne! Ruwa ne a kananzir!" kai ka ce albishir na kawo. Lokacin kananzir wahala yake, gidan mai babu, sai wajen 'yan bumburutu a bakin titi, kuma ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Muka juye tankin a kwalabe, muka bari ya kwanta, muka tsiyaye na sama, muka tace da tsohon ɗankwali. Fitilunmu duka muka ajiye, muka koma aci-balbal da man gyaɗa, don firji ya sami abin sha. Matar Yaya Sale ta kawo mini na fitilarta a ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Kar maigidan ya ji. Ni dai in ga ƙanƙarar nan da idona."

Wuta ta zauna lafiya, amma ciki shiru. Sista ta dawo, ta ɗora faranti da ruwa a kan firjin, ruwan ya karkata gefe guda. Ta ce, "Daɓen ɗakin nan ba daidai yake ba. Shi kuwa in ya karkace ko kaɗan, ruwan da ke zagayawa a cikin jikinsa ba ya tafiya." Muka janye shi daga bango don ya sha iska, muka yi ta cusa tsingaro a ƙarƙashin ƙafafunsa har ruwan farantin ya daidaita. Da gari ya waye na zura hannu na ji ɗan sanyi-sanyi, irin na randa da asuba. Kafin hantsi labari ya gama unguwa. Mata suka yi ta sallama, kowacce sai ta buɗe ta sa hannu, wata har kai take cusawa. Kafin la'asar ɗan sanyin ya gudu.

Muka shiga goman tsakiya ba ƙanƙara. 'Yan tashe suka sami abin yi. Suka shafa wa kwali farar ƙasa, ɗayansu ya shafa baƙin tukunya a fuska ya zama Malam, yana hura wuta a gindin kwalin, sauran na amshi suna tambayar ina ƙanƙara. Har gidanmu suka shigo da shi, Inna ta ba su hatsi fiye da yadda ta saba. Malam ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gida. Wata rana na ji yana faɗa a hankali, ko dai ya nemi masu sayen tsohon ƙarfe ne kawai. Ga shi da yamma gabas ta fara haɗa gajimare yana watsewa. Kowa ya san ruwa ya kusa, ga sa ɗaya tal a turke.

Na sake aika wa Sista. Ta zo ta duba wuta, ta shafa bututun baya. Can ta ce, "Malam, da aka kawo shi, a tsaye yake a mota ko a kwance?"

"A kwance."

"Tun daga Bagauda? Kafin nan fa, ana aiki da shi?"

"Kukun ya ce ya kwana biyu bai hura shi ba."

Ta tafa hannu. "Shi ke nan! Ruwan cikinsa ne ya taru wuri ɗaya ya toshe hanya. Namu ma ya taɓa yi. Kifa shi za a yi, kai a ƙasa, ya kwana ya wuni a haka."

Inna ta riƙe haɓa. "Yanzu kuma kifa shi za a yi kamar ƙwarya?"

Firjin nan nauyi gare shi kamar an cika shi da duwatsu, ga ɗaki ƙarami, ga mutane da azumi a baki. Malam ba shi da idon komawa wajen 'yan majalisa neman taimako. Ya daɗe tsaye a tsakar gida, sannan ya nufi sashen gabas, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin yayansa. Ina jin su daga madafa.

"Yaya, hannu na zo nema."

"Hannun me?"

"Za a kifa firji."

Sai na ji wani abu kamar tari, ashe dariya Yaya Sale yake dannewa.

"Na ce ka sayo sa, ka sayo akwati. Yanzu kuma akwatin za mu kayar kamar ragon layya? Tashi mu je. In ya faɗo maka a ƙafa ni za a bari da noma."

Ya kira manyan 'ya'yansa. Aka zare tanki, aka cire farantai, aka shimfiɗa buhuna a ƙasa. "Ya Allahu! Ku riƙe can! Idi, janye ƙafarka!" Gumi na zuba musu kamar an watsa musu ruwa, jijiyoyin wuya sun tashi. Da ya tsaya a kan kansa sai muka ji wani ƙulu-ƙulu a cikin ƙarfen, kamar cikin mai azumi. Sista ta ce, "Kun ji ko? Ya saki." Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba.

Ya kwana ya wuni ƙafafu a sama. Aka mayar da shi daidai, aka sake saita shi da farantin ruwa, aka bar shi ya huta yadda Sista ta ce, sannan na hura da hannuna. Wannan karon Yaya Sale ne ya ɗauko igiya ya ɗaure ƙofar firjin tamau, ya jawo tabarma bakin ɗakin ya zauna da carbinsa. Duk wadda ta yi sallama don ta zura hannu, sai ya ce, "A dawo bayan Salla."

Ranar da za a buɗe, zafin ya wuce misali. Ko ganye ba ya motsi, sama ta yi fari fat, kaji sun saki fukafukai sun buɗe baki. Na ƙona ƙosai ban san adadi ba, don hankalina na ɗakin ajiya. Bayan la'asar Sista ta iso, duk gidan muka cunkushe a bakin ƙofa. Yaya Sale ya kwance igiya, ya ja da baya, ya ce wa ƙanensa, "Buɗe kayanka."

Malam ya yi bisimilla ya buɗe. Wani farin tururi ya zubo ƙasa ya taɓa mana ƙafafu. Ɗan akwatin sama ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ya jawo faranti, ya manne masa a yatsu. Ya kifa shi, ko ɗigo bai zuba ba.

Kai, ranar an yi ihu! Matar Yaya Sale ta saki guɗa, na rungume Sista muna tsalle, na manta da goyo a bayana har yarinyar ta fashe da kuka. Yaya Sale ya karɓi farantin ya manna a goshi, ya lumshe ido yana ta kabbara. Malam ya ce a tura yara su zaga unguwa, kowa ya kawo kwano, ko gutsure ne a sammasa.

Muna cikin wannan hayaniya ba wanda ya lura gari ya yi duhu. Iska ce ta bugo ƙyaure, ta kwashe shanyar tsakar gida. Muka fito, gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Ɗigon farko suka faɗo manya-manya. Sai rufin kwanon Yaya Sale ya ɗauki ƙara kamar ana watsa masa tsakuwa. Wani abu ya buge ni a kafaɗa ya faɗi yana gangarawa, fari, kamar gurjiya.

"Ƙanƙara! Ƙanƙara!"

Daga kowane gida ihun da ke tashi ke nan. Kwanonin da aka ɗauko don zuwa gidanmu, a hanya aka tsaya da su ana tarawa. Manya masu azumi suna tsinta suna zubawa a hula, a cikin riga, a ƙeya. Yara na taunawa ƙaras-ƙaras. Sista ta kifa tire a ka tana rawa a tsakar gida, ita da ba azumi take ba, ta cika baki har ba ta iya magana. Na miƙa wa Inna yarinyar, na faɗa ciki da ƙwaryata, ƙanƙara na dukana a baya ina dariya. Cikin ɗan lokaci tsakar gidan ta yi fari, sannan ruwa ya kece.

Sai da na cika ƙwaryar na waiwaya na ga Malam. Yana tsaye a bakin ɗakin ajiya, farantinsa a hannu, yana kallon garin da kowa ya sami ƙanƙara kyauta. Ba wanda ya shigo da kwano. Yaya Sale ya tako cikin ruwa ya tsaya kusa da shi, suka ɗan jima suna kallon yadda ruwan ke bin rariya.

"Ruwa ya sauka," in ji Yaya Sale.

Malam ya sunkuyar da kai. "Ya sauka, Yaya."

"Bana sai mu yi aron sa. Kai dai ka kula da wutar nan kar ta mutu. Ta sama ba kullum take zuwa ba."

Haka kuwa aka yi. Da aro muka yi huɗar shekarar, sai a ta gaba zoɓo da ƙanƙarar da nake ƙullawa suka sayo mana san.

Ladan ya kira magariba ruwa na tsagaitawa, iska na kaɗowa da sanyi. Muka taru a rumfar Inna, jiƙe sharkaf, kowa da kwanonsa cike da ƙanƙarar sama. Na zuba mata ruwa a kofinta na silba, na ɗebo daga ƙwaryata zan jefa, sai ta dafe bakin kofin da tafin hannu.

"Wannan kowa ya samu," ta ce. "Idi, kawo taka."

Malam ya matso a durƙushe. Ya ɓamɓaro guda ɗaya daga farantin, ta riga ta fara narkewa, ya saka mata. Ta jujjuya kofin tana sauraron ƙararsa, ta yi addu'ar shan ruwa, ta kurɓa. Ta runtse ido, ta dafe kunci saboda haƙoranta, hawaye ya gangaro mata, ba mu san ko na sanyi ba ne. Duk cikinmu ba wanda ya kai nasa baki.

Ta sauke kofin ta miƙa masa.

"Ƙaro," ta ce.